Ga masu shirin sayen jitar bes: wuya ake saya, ba suna ba

Malam Edita,

Barka da aiki. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da matasan da ke koyon kaɗa jitar bes, da kuma iyaye da dattawan majami'u waɗanda galibi su ne ke fitar da kuɗin sayenta. Duk shekara idan aka doshi Kirsimeti da lokacin bukukuwan aure, shagunan kayan kiɗa a Jos da Abuja sukan cika da sababbin makaɗa. Da yawansu suna zaɓen jita ne da launinta, ko sunan da aka rubuta a kanta, ko yawan tsirkiyoyinta. Bayan wata biyu kuma sai a ji yaro na cewa yatsunsa na ciwo, kiɗan ya fi ƙarfinsa, alhali jitar ce ba ta kaɗuwa.

Abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa shi ne wuyan jitar. Tsirkiyoyi huɗu na bes, idan aka ɗaure su daidai, suna jan wuyan da nauyin da ya kai kusan kilo 80, wato sama da buhun siminti ɗaya da rabi, dare da rana. Saboda haka aka saka wani dogon ƙarfe a cikin wuyan, wanda ake murɗawa da alanki don ya yi jayayya da tsirkiyoyin. Duk sauran kayan da ke jikin jita ana iya canza su da kuɗi kaɗan: makunnan sauti, ramin da ake soka waya, maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, tsirkiyoyin kansu. Amma wuya idan ya murɗe, ko ƙarfen cikinsa ya karye, gyaransa yakan fi kuɗin jitar. To ga yadda ake gwada shi a cikin shago ba tare da wani kayan aiki ba.

Da farko a sa mai shago ya ɗaure tsirkiyoyin su kai sautinsu na ainihi, E, A, D, G. Kada a yarda a gwada jitar da tsirkiyoyinta a sake, domin lahanin wuya ba ya fitowa sai an ja shi. Sai a ɗora gindin jitar a ƙasa, a leƙa daga kanta zuwa ƙasa kamar yadda kafinta ke duba katako. Ana so a ga ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan, waɗanda makaɗa ke kira firet, sun jeru kamar matakala. Idan ɓangaren tsirkiya mai kauri ya lanƙwasa, ɓangaren siririyar kuma ya miƙe, ko aka ga wani tudu a inda wuya ya haɗu da jiki, a ajiye ta a nemi wata, komai kyanta.

Daga nan sai a danna tsirkiya mafi kauri a firet na farko da hannun hagu, a danna ta a firet na ƙarshe da hannun dama, a duba tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da firet na bakwai ko na takwas. Ya kamata a ga 'yar kafa kamar kaurin katin gayyatar biki, kusan milimita 0.3. Idan katin ATM ya shige a sake, wuyan ya rusuna da yawa. Idan kuma babu kafa ko kaɗan, tsirkiya ta kwanta a kan ƙarfe, to wuyan ya banƙare baya, kuma za a riƙa jin ƙarar zzz a firet na farko zuwa na biyar. Duka biyun ana gyara su da alanki, amma sharaɗin shi ne ƙarfen ciki yana aiki. Saboda haka a ce wa mai shago ya murɗa shi a gabanka, rubu'in zagaye kawai. Murɗawa dama na miƙar da wuya, murɗawa hagu na sassauta shi. Idan ya ƙi motsi, ko yana juyawa fayau ba ya kama komai, ko bakinsa ya cinye har alanki ba ya zama, ciniki ya ƙare. Wannan gwajin ya fi muhimmanci a kan jitar gwanjo, domin nan ne ake ɓoye irin wannan ciwo.

Sai tsayin tsirkiya daga kan firet. A firet na 12, tazarar tsirkiya mai kauri ta kasance tsakanin milimita 2 da 2.5, wato kamar katin ATM uku a haɗe, siririyar kuma ta ɗan fi haka ƙasa. Jitoci da yawa suna fitowa daga kwali da tazarar da ta ninka wannan, kuma mai koyo ba ya sanin cewa ba haka ya kamata su kasance ba, sai ya yi ta dannawa da ƙarfi har tsintsiyar hannunsa ta yi tsami. Ana rage tsayin ne a wurin ƙarfen da tsirkiyoyi suka hau a gindin jitar, abin da masu garaya da goge ke kira jaki. Kowace tsirkiya tana da nata ɗan jakin mai ƙananan kusoshi biyu. A duba ko akwai sauran wurin saukar da su. Idan an riga an saukar da su har ƙasa amma tsirkiya na nan a sama, matsalar daga zaman wuyan take.

Bayan haka a kaɗa kowane firet a kowace tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, tun daga sama har ƙasa. Aiki ne na minti biyar, kuma mai shago zai gaji da kai, amma kuɗinka ne. Abin da ake saurare shi ne firet ɗaya da ke kuka alhali maƙwabtansa lafiya lau, alamar akwai ƙarfen da ya ɗago. A kuma saurari tsawon da sauti ke yi kafin ya mutu. Yawancin jitocin bes suna da wani wuri, galibi tsakanin firet na biyar da na bakwai a siririyar tsirkiya, inda sauti ke mutuwa da wuri. Kaɗan daga wannan ba laifi ba ne, har masu tsada suna da shi, amma idan sautin yana yankewa nan take sai a sake tunani. A shafa gefen wuyan da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. Idan bakin ƙarafan yana karce hannu, katakon ya bushe ya tsuke, abin da ya zama ruwan dare a jitar da ta kwana hunturu a shago. Mai gyara yana goge su da zarto mai laushi, don haka wannan dalilin neman ragi ne, ba dalilin fasa saye ba.

Gwaji na ƙarshe a kan wuya yana buƙatar 'yar na'urar daidaita sauti, ko manhajar da ake saukarwa a waya kyauta. A daidaita tsirkiya ba tare da an danna ta ba, sannan a danna ta a firet na 12. Dole na'urar ta nuna harafi iri ɗaya, allurar na tsakiya. Idan sautin ya haura, ana ja da jakin baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, ana matso da shi gaba. Jitar da ba a yi wa wannan gyara ba ita ce ke sa mai fiyano ya riƙa juyowa yana harara, duk da cewa mai bes ya rantse ya daidaita jitarsa.

Yanzu maganar da ta fi raba kan matasa: tsirkiya huɗu ko biyar. Ra'ayinmu shi ne mai koyo ya fara da huɗu, sai dai in da dalili mai ƙarfi. Tsirkiya ta biyar, B, tana ƙara sautuka biyar ne kacal a ƙasan E. Gaskiya ne waƙoƙin bishara na zamani suna yawan amfani da waɗannan sautukan, musamman idan mai fiyano ya fi son maɓallan baƙaƙe, kuma wanda ya san cewa a irin wannan ƙungiya zai yi kiɗa kowace Lahadi yana da hujjar sayen mai biyar. Amma ya san abin da zai biya. Wuyan ya fi faɗi, tsirkiyoyin sun fi matsuwa da juna, jitar ta fi nauyi, kuma kuɗin canza tsirkiyoyi ya fi yawa. Babbar wahalar kuwa ita ce kashe sautin tsirkiyar da ba a kaɗawa. Rabin aikin mai bes shi ne hana sauran tsirkiyoyi gurnani, kuma B mai kauri tana ruri da kanta ko ba a taɓa ta ba. Sannan a jita mai araha, B takan zama sakwaf, sautinta ba ya fita sai ka ce ana buga katifa. Da kuɗi iri ɗaya, mai huɗu mai kyau ta fi mai biyar ta banza nesa ba kusa ba. Mu a Jos ma bai kamata a yi mana wa'azi a kan wannan ba, tunda marigayi Dan Maraya da tsirkiya ɗaya tak a kuntiginsa ya zaga duniya. Mai tsirkiya shida kuwa, da wadda ba ta da firet ko ɗaya, a bar wa ƙwararru.

Tsawon jita ma abin dubawa ne. Yawancin bes suna da inci 34 daga farkon tsirkiya zuwa jaki, kusan santimita 86, wasu masu biyar kuma inci 35. Ga yaro ɗan shekara goma zuwa sha uku, ko duk mai ƙaramin hannu, akwai gajeru masu inci 30, irin su Squier Bronco. Ba kayan wasa ba ne, sai dai samun tsirkiyoyinsu a kasuwanninmu yana da ɗan wuya, don haka a tambaya tun kafin a saya. Kaurin wuya kuma ya bambanta. Siffofi biyu ne suka mamaye kasuwa, duka daga kamfanin Fender na Amurka: Precision, wadda Leo Fender ya fitar a 1951, da Jazz, wadda ta biyo baya a 1960. Wuyan Jazz siriri ne a sama, kusan milimita 38, na Precision kuma ya haura 41. Jitocin Ibanez an san su da siririn wuya. Babu wanda ya fi wani, hannu ne alƙali. A rataya jitar a kafaɗa, a tsaya da ita minti goma, a saki hannu. Idan kanta yana nitsawa ƙasa, hannun hagu zai riƙa ɗaukar wuya maimakon kiɗa. Nauyi kuma kilo 4 ko kusa da haka ya yi, domin wanda zai tsaya sujada ta awa uku ya san bambancin rabin kilo.

Game da maganaɗisun ɗaukar sauti, irin na Precision guda ɗaya ne da aka raba biyu, yana ba da sauti mai kauri kuma ba ya kama hayaniyar wuta. Na Jazz dogaye ne guda biyu, sautinsu ya fi kaifi, amma idan aka rage ɗaya aka bar ɗaya sai a ji ƙugi, wanda ke ɓacewa idan aka buɗe su duka biyu daidai. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su. Jitoci da yawa na masu koyo, kamar Yamaha TRBX174, sun haɗa iri biyun, kuma wannan haɗin yana isar kusan kowane irin kiɗa, daga waƙoƙin zumunta zuwa hailaif da rege. A murɗa kowane makunni a hankali a ji ko yana ƙarƙar, a kuma girgiza kan waya a cikin raminta a ji ko sauti na ɗaukewa.

Akwai kuma masu batir da marasa batir. Mai batir tana da ɗan injin ƙara ƙarfi a ciki da ke cin batir mai bolt 9, salon da Music Man StingRay ta shahara da shi tun 1976. Tana ba da damar ƙara kauri ko kaifin sauti daga jikin jitar. Matsalarta ita ce ramin waya shi ne makunninta. Duk wanda ya bar waya a soke bayan an tashi daga gwaji, batir na ci har gari ya waye, kuma idan ya yi sanyi sauti yakan fara karkarwa sannan ya ɗauke, galibi a tsakiyar taro. Batir mai kyau kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Ga mai koyo, marar batir ta fi kwanciyar hankali, kuma tana tilasta masa ya nemo sauti daga yatsunsa maimakon ya yi ta murɗa makunnai.

Mu zo kan suna. Kasuwa ta cika da jitoci masu ɗauke da manyan sunaye waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar kamfanin ba. Fender na gaske galibi ana yin su ne a Amurka da Meziko da Japan, kuma kuɗinsu ba na mai koyo ba ne. Duk wanda aka miƙa wa sabuwar jita mai wannan suna a kan kuɗin ƙaramar wayar hannu ya san inda aka dosa. Kamfanin yana da nasa reshe na masu rangwame mai suna Squier, kuma sunan Squier ɗin ne ake rubutawa da manyan baƙi. Yamaha, Ibanez, Cort da Sire duk suna da jitoci na matakin farko da aka san ingancinsu. Ta gaske tana da lamba da sunan ƙasar da aka yi ta, galibi a bayan kai ko a farantin ƙarfen da ya riƙe wuya. Ba mu ce duk jitar da ba ta da sanannen suna banza ce ba. Wata takan ci duk gwajin da muka lissafa, kuma idan ta ci, a saye ta a kan kuɗin da ya dace da ita. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a biya kuɗin suna a kan sitika. Haka nan sayen jita ta hoto a Facebook ko WhatsApp, cinikin biri a sama ne. Idan dole sai daga Legas za a aiko, daga Alaba ko wani wuri, a sami wanda ya iya ya je ya gwada, a ɗan sassauta tsirkiyoyi kafin a ɗaure kaya, kuma a yi yarjejeniyar mayarwa tun kafin kuɗi ya fita.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen iyaye shi ne a kashe kuɗin gaba ɗaya a kan jitar, a manta cewa bes ba ta magana sai da amfilifaya. Shawararmu a ware akalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don amfilifaya, waya, maratayi mai faɗi, jaka mai soso da na'urar daidaita sauti. Kuma amfilifayar ta zama ta bes. Tsirkiyar E tana kaɗawa sau 41 ne a daƙiƙa, B kuma kusan sau 31, kuma irin wannan sauti yana tura lasifika gaba da baya da nisa. Lasifikar jita ta yau da kullum ko ta rediyon ɗaki ba a yi ta don haka ba, idan aka ƙure ta sai ta yage. Don gwaji a ɗaki, wat 15 zuwa 40 ya isa, musamman mai ramin abin sawa a kunne saboda maƙwabta. Amma a gefen mai ganguna, ƙasa da wat 100 ba za a ji ka ba, sai dai in za a haɗa jitar da manyan lasifikun majami'a ta ƙaramin akwatin nan da ake kira DI. Wayar kuma ta zama ta jita, mita 3 zuwa 6. Wayar lasifika tana da kai iri ɗaya amma ba ta da rigar kariya a ciki, shi ya sa take kwaso hayaniya.

A kula da wuta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Amfilifayar gwanjo da ta fito daga can, idan aka soka ta kai tsaye, hayaƙi za ta yi. A karanta rubutun da ke bayanta kafin a soka, in ta 120 ce a nemi taransifoma mai rage wuta. A kashe amfilifaya kafin a sauya daga NEPA zuwa janareta. Idan kuma ana jin ƙugi da ke raguwa in an taɓa tsirkiya, wannan ba abin damuwa ba ne sosai. Amma idan mai kiɗa yana jin wuta na cizonsa a yatsu, ko a leɓe lokacin da ya kusanci makirfo da jita a hannu, a dakata nan take a kira mai gyaran wuta, domin wayar ƙasa ce babu a ginin ko a soket ɗin, kuma wannan yana iya kisa.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci a kan katako. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, hunturunta busasshe ne mai sanyi, daminarta kuma mai laima. Da rani katakon da ke ƙarƙashin tsirkiya yana tsukewa, wuya ya rusuna, tsirkiyoyi su yi sama. Da damina yana kumbura, wuya ya koma baya, ƙara ta fara. Don haka jitar da aka daidaita a watan Agusta za ta nemi a sake taɓa ta a Janairu, kuma wadda aka kawo daga laimar Legas tana buƙatar mako biyu ta saba da iskar nan kafin a yi mata gyaran ƙarshe. A karɓi alankinta daga mai shago ranar saye, domin girmansu ya bambanta, kuma wanda bai yi daidai ba shi ke cinye bakin ƙarfen. Kada a murɗa fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda, a bar ta ta kwana a sake aunawa. Mutanen Abuja kuma su ji tsoron barin jita a but ɗin mota da rana. A riƙa goge tsirkiyoyi da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa, saboda gumi ne ke sa su tsatsa, kuma idan lokacin canza su ya yi, a nemi masu lambar kauri 45 zuwa 105, a canza ɗaya bayan ɗaya don kada a sauke wa wuyan nauyinsa gaba ɗaya.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara basira.

Daga wasu masu koyar da kiɗa da gyaran jita,
Jos, Jihar Filato.